Ramukan Bangon Zawiya

Umdurman, 6 ga Satumba, 2022

Zuwa ga uwar gidana, Hajiya Kubra,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya kwana goma yana shan shayin da ba ke kika dafa ba. Ina fatan kin isa Madani lafiya, jikin ƙanwarki Hannatu kuma da sauƙi. Mu nan kowa lafiya. Na san za ki ce ga waya, mene ne na takarda. To, kunnenki ba ya ɗaukar waya, ni kuma ban yi shekara huɗu a makarantar yamma da furfura a gemu don alƙalami ya bushe a aljihu ba. Ki sa tabarau ki karanta da kanki, ai ke ma kin yi ajin mata.

Albishirinki. Jikarmu Suhaila ta dawo daga jami'a a Khartum jiya da labarin an sa mata rana. Ƙarshen Nuwamba za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na digiri na biyu. Hajiya, jikar magini! Na faɗa wa mai shayin bakin titi, na faɗa wa direban raksha, keken haya mai ƙafa uku, na faɗa wa masu sayar da siminti a kasuwa, har wani ya ce mini ya ji tun da safe, kuma daga bakina.

Kin sha tambayata me take yi da kwamfutar nan. Yanzu na gane. Wani inji ta haɗa a cikinta, ta nuna masa ɗakuna dubbai, yana koyo kamar yadda ake koyon sana'a a hannun usta, wato maigidan sana'a. Yau in ka ba shi tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa, ka faɗa masa da me aka yi bango da rufi, sai ya faɗa maka yadda murya za ta bazu a ciki, inda za a ji ta sarai, da tsawon lokacin da za ta yi tana amsa kuwwa kafin ta mutu. Tun kafin a aza tubali ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne ta nuna yawan daidai da kuskurensa a ɗakunan gaske guda goma sha biyu. Na goma sha biyun zawiyar unguwarmu ce, wadda na gina da hannuna.

Ranar Asabar muka auna. Ta jera ƙananan makirufo a kan shimfiɗa, ta hura balan-balan, ta ba ni allura in fasa. Wai ƙarar fashewar ake bi a ji yadda take mutuwa. Na fasa goma sha takwas. Liman ya leƙo ya ce, Usta Ashafa, tsufan ya kai nan? Na ce masa ilimi ne, ya koma ya yi alwala.

Da muka gama ta zaunar da ni da littafinta. Bango jan bulo ne? Na ce e. Shafen siminti? Na ce e. Sai ta ɗaga kai ta ce, Jiddo, kakana, waɗancan ramukan da ke jere ƙarƙashin rufi fa? Na ce ado ne kawai, zurfinsu bai kai yatsa ba. Ta rubuta.

Kin san ramukan da take nufi. Ba sai na ƙara komai ba.

Ki gaishe da mutanen gidan duka.

Naki,
Ashafa Zubairu

Umdurman, 20 ga Oktoba, 2022

Zuwa ga Hajiya Kubra,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Hannatu? Na ji an ce ta fara takawa zuwa ƙofa, Allah ya ƙara sauƙi. Ya naki ƙafafun? Ni lafiyar jiki ina da ita.

Na yi jinkirin rubutu saboda abin da zan rubuta ba ya son fitowa. Injin Suhaila ya ci ɗakuna goma sha ɗaya. Ajujuwa, ɗakin taro, wani masallaci a Bahri, duk kuskurensa bai wuce biyar cikin ɗari ba. A zawiyata ya faɗi warwas. Ya ce murya mai kauri, irin ta maza in suna karatu, za ta yi sakan biyu da wani abu tana yawo. Abin da makirufo ya kama bai kai ɗaya da rabi ba. A siririyar murya sun yi daidai, a mai kaurin ne kaɗai suka rabu.

Ta sake aunawa sau uku. Ta aro wasu makirufo ta haye gadar Nilu da su a cinya cikin motar haya. Amsa ɗaya. Malaminta, Dakta Abdulmun'im, mutumin kirki ne amma ba ya wasa. Ya ce mata ɗayan biyu ne: ko injin yana da lahanin da ba ta gano ba, ko ita ce ba ta iya awo ba. Ta roƙi ta cire zawiyar daga lissafi, ya ce wanda ya jefar da ɗakin da ya ƙi masa ba bincike yake ba, son zuciya ne. In ba ta kawo dalili kafin tsakiyar Nuwamba ba, za a ɗaga ranar sai baɗi.

Yarinyar ta rame, Hajiya. Kisra ɗaya, wainar dawar nan mara kauri, ba ta cinyewa. Shekaranjiya na ji tana faɗa wa ubanta Husam cewa wataƙila kanta ne bai kai ba. Ina zaune a kan gadon igiya a tsakar gida, da carbi a hannu, na yi kamar ina gyangyaɗi.

Ni da ke kaɗai muka rage da muka san akwai tuluna ashirin da huɗu kwance a cikin bangon nan, bakinsu na kallon jama'a. Ke kika zaɓe su a wurin masu ginin tukwane na bakin Nilu, kina ƙwanƙwasa kowanne da zobenki. Haka ustana ya koya mini: tulu yana shanye kaurin murya, ya bar kalma ta fito fes, na sahun baya ya ji abin da liman yake cewa. Kuma kin tuna ranar da kwamitin zawiya ya kawo injiniyan nan mai farar riga, ina kan tsani da tulu na ƙarshe a hannu. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce wa mutane wannan aikin jahilai ne. Wani daga baya ya ce ko dai asiri ake binne mana a ɗakin Allah. Aka miƙo mini takardar zanen ginin in nuna inda aka rubuta tulu, na riƙe ta a juye. Da yamma na ce musu na cire. Ban cire ba. Na yi wa tulunan shafen siminti a baki, na bar ƙaramin rami, ya zama kamar ado. A watan nan na sa sunana a makarantar yamma.

Shekara talatin da takwas ke nan. Injiniyan ya bar ƙasar, masu dariyar yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Amma da jikata ta tsaya gabana da kwamfutarta da Turancinta ta tambaye ni, sai na ji dariyar nan a kunnena kamar jiya. Na ji tsoron ta kalle ni yadda ya kalle ni. Na ɗauka ramin da bai kai bakin kofi ba ba zai dami injin da ya san ɗaki dubu ba.

Ki faɗa mini abin da kika gani. Ki gaishe da Hannatu.

Mijinki,
Ashafa

Umdurman, 2 ga Nuwamba, 2022

Hajiya,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Direba ya kawo takardarki. Layi uku ne, na karanta su ya fi sau ashirin. Kin ce kunyar da na ji a gaban baƙo na ɗora wa jinina ta biya. Kin ce in ban faɗa ba kafin Juma'a, za ki bar mara lafiya ki hau mota ki zo ki faɗa da bakinki. Ban ga inda kika yi kuskure ba, sai dai kin manta ki gaishe ni.

Na gwada jiya. Na tsaya a ƙofar ɗakinta, ta ɗago da jajayen idanu ta ce, Jiddo, lafiya? Sai na ji bakina yana tambayarta ko tana son mangwaro. Na fita har kasuwa na sayo, a lokacin da babu na kirki. Ta karɓa ta yi godiya. Godiyar ta fi zagi ciwo.

Kada ki hau mota. Na aro tsani a wurin mai gyaran lantarki, yana jingine a bayan zawiya.

Naki,
Ashafa

Umdurman, 14 ga Nuwamba, 2022

Zuwa ga uwar gida, Hajiya Kubra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Hannatu da duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan. An ce mini kina shirin dawowa ƙarshen wata. Ki zo da wuri, akwai kujerar da aka ajiye miki a jami'a.

Na yi. Ranar Alhamis, washegarin takardata ta ƙarshe, bayan la'asar, na ce ta biyo ni. Na so mutane su watse, amma kin san tsofaffin zawiya, ba sa tashi sai an kira magariba. Liman da mutum biyar suna zaune. Na ce a raina, a gaban jama'a aka fara, bari a ƙare a gaban jama'a. Na jingina tsani, na riƙe mata, na ce ta hau ta zura wata sanda a rami na farko. Ta ce, Jiddo, ai ka ce bai kai yatsa ba. Na ce ki zura dai. Sandar ta shige har kusan kamu guda, ta taɓa gindin tulu, muka ji ƙwal daga ƙasa.

Ba ta sauko ba. Ta haska da wayarta, ta daɗe tana kallo. Ina riƙe da tsani, ina ba ƙafafunta labarin, don ban iya ɗaga kai ba. Na faɗi komai, da ustana, da injiniya, da takardar da na riƙe a juye. Ba wanda ya yi dariya sai da liman ya ce, wato shekara ashirin ina alfahari da muryata, ashe tulun Usta ne yake mini aiki. Nan tsofaffin suka fashe. Babu wanda ya ambaci asiri. Abin da na ɓoye tun ina da ƙarfin ɗaukar buhun siminti, bai ɗauke su tsawon shan shayi ba suka wuce shi.

Suhaila ba ta yi dariya ba. Da ta sauko ta ce, mako bakwai, Jiddo. Mako bakwai kana kallona. Ta ce injinta bai yi ƙarya ba, ɗakin da na faɗa masa shi ya lissafa, ɗakin ne babu shi a duniya. Sannan ta ɗauki jakarta ta fita. Kwana uku tana gaishe ni da Alhaji. Kin san tun da ta iya magana ba ta taɓa kirana haka ba.

A rana ta huɗu ta dawo da makirufonta da buhun tsumma. Ta toshe ramukan duka, ta hura balan-balan, ta miƙo mini allura ba tare da ta dube ni ba. Na fasa. Hajiya, da kin ji zawiyar nan da tulunanta a toshe! Ƙarar ta yi ta gurnani kamar cikin rijiya. Abin da ta auna ya zo kusan daidai da abin da injin ya faɗa tun farko. Ta cire tsumman, muka sake, ɗakin ya koma yadda muka san shi. Ta rubuta awon biyu a kwamfutar.

Ta auna wuyan tulu da cikinsa ta ba injin. Kuskuren ya sauko zuwa tara cikin ɗari. Bai kai na sauran ɗakunan kyau ba, ta kuma rubuta haka ɓaro-ɓaro: a cikin dubban ɗakunan da aka koya masa babu mai tulu ko ɗaya, abin da ba a nuna masa ba kuwa ba zai sani ba. Dakta Abdulmun'im ya haye gada da kansa ya zo ya hau tsanin, da takalminsa mai sheƙi a ƙofa. Ya tambaye ni dalilin da na sa tulunan kusurwa suka fi girma, ya tsaya yana jiran amsa da alƙalami a hannu. Ranar kare aikin tana nan yadda take.

Ina murna, Hajiya, murnar da ban san inda zan sa ta ba. Amma ban faɗa wa mai shayi ba wannan karon. Duk lokacin da na ga wuyan rigar Suhaila ya yi mata yawa, sai in tuna ni ne na rage ta.

Daktan ya ce a sa zanen bangon a cikin littafin digirin. Suhaila ta ajiye mini farar takarda da rula, ta ce ni zan zana. Kwana biyu na yi a kai. Na nuna tuluna ashirin da huɗu, kowanne a mazauninsa, na rubuta awon da lambobin da na koya a makarantar yamma. Jiya ta kawo mini shafin da aka buga. Ba ta gyara ko layi ɗaya ba. A ƙarƙashinsa an rubuta: Usta Ashafa Zubairu, magini, 1984. Na ce ta cire sunan, ban cancanta ba bayan abin da na yi mata. Ta karɓe shafin daga hannuna ta ce, Jiddo, ka ɓoye sau ɗaya, ya isa.

Ki gaishe da Hannatu. In za ki taho, ki zo da zoben nan. Suhaila tana so ki nuna mata yadda kika gane tulu mai kyau.

Naki har kullum,
Ashafa Zubairu