Tulun Bayan Ƙofa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uwarsa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, na ɗauki alƙalami ne in ba ki rahoto kan wata magana da muka bari ba mu rufe ba. Na koma gudu, Inna, da furfurata da komai. Saura mako shida in shiga gudun famfalaƙi, wanda muke ce wa maraton, kilomita arba'in da biyu da 'yan kai.

Na san abin da za ki ce, don kin taɓa faɗa. Ranar da na fara fitowa da gajeren wando bayan sallar asuba, a shekarun nan na fari da yunwa, ba ki dube ni ba. Ƙanwata Lalla kika duba, kika ce: "Tambayi wanki, wa ya biyo shi?" Haka kike yi mini magana kullum, ta bakin wani. Ni ne ɗan fari. Sunana bai taɓa fita daga bakinki ba, kuma ban taɓa ganin kin miƙo mini abu hannu da hannu ba. Na ɗauka gudun nan haushi yake ba ki.

Ba ke kaɗai kika yi mamaki ba. A Agadas ta lokacin, babban mutum ba ya gudu sai an yi gobara ko an biyo ɓarawo. Sojoji ne kaɗai ke gudu da safe, a jere, suna waƙa, su ne kuma ke mulki. A shingen bakin gari wani soja ya tsare ni har rana ta fito, yana ta tambaya: "Farar hula, wa ya ba ka umarnin gudu?" Sai da na je wurin komanda aka ba ni takarda mai hatimi. Na naɗe ta a leda ina yawo da ita a ƙugu, takardar izinin gajiya.

Kin san aikina: wakilin jarida, mai karanta labari ta tarho zuwa Yamai. An ce kada mu rubuta "yunwa", mu rubuta "ƙarancin cimaka". Na bi umarni, amma na yi wa kaina alkawarin idona ba zai tsallake komai ba. Na ƙirga matan da ke layin pampo. Na ƙirga bukkokin makiyayan da suka sauka a gefen gari bayan dabbobinsu sun ƙare. Ina alfahari da cewa ni mai lura ne.

Da na ji za a yi maraton a Yamai, sai na samo wani littafin Faransanci a kan horon gudu, na bi shi layi-layi. Ya faɗi kilomita nawa za a yi a mako, da yadda za a ja numfashi. Ya ce a sha ruwa da yawa. A ƙasar da aka rubuta shi akwai koguna, shi ya sa bai faɗi inda za a samo ruwan ba.

A gidanmu kuwa, pampon unguwa sai ya kwana uku bai ɗiga ba. In ke da Lalla kun samo, da moɗa kike rabawa: na girki, na sha, na alwala, kowa da rabonsa. Amma duk safiyar da na dawo daga gudu, ƙaramin tulun bayan ƙofa a cike yake, an naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan da sanyi. A tsaye nake shanyewa. Wanda ya rage in kwarara a ka.

Wata biyu ina haka. Ni da tambaya ce sana'ata, ban tambaya ba.

Wata rana layin tarho ya katse, na baro buro, wato ofishinmu, da wuri, na shigo gida ana kiran azahar. Kina tsakar gida kin fuskanci alƙibla, da faifai a gabanki cike da rairayi mai tsabta. Kin buga tafukanki a kai, kin shafi fuska. Kin sake bugawa, kin shafi hannuwa. Taimama kike yi. Ranar na fara duban fuskarki da kyau: leɓɓanki duk sun tsage. Da kika gan ni, kika juya mini baya kika ta da salla.

A zaure Lalla ta tare ni, tana magana ƙasa-ƙasa: "Yaya, kai da kake rubuta labarin gidajen mutane! Tun ranar da ka fara haukan nan Inna ba ta yi alwala da ruwa ba. Rabin na shanta ma yana cikin tulunka." Ta ce kin aika an tambayi liman, ya ce in rai na buƙatar ruwan, ƙasa ta wadatar. Ba ki gaya masa mai ran da kansa yake fita neman ƙishirwa ba.

Na koma na tsaya a kan faifan. Shatin yatsunki goma yana nan a rairayin.

Washegari ban fita ba, jibi ma haka. Tulun kuwa kullum a cike, ba wanda ya taɓa shi. A rana ta huɗu kika ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki: "Lalla, gaya wa wancan, ban shafa ƙasa a fuskata wata biyu don ya kwanta yana minshari ba. Abin da ya fara, ya ƙarasa."

Na rasa yadda zan yi. In na yi gudu, ruwanki nake sha. In na bari, na zubar da wanda kika riga kika ba ni.

Sai na tuna da wata rijiya a lambunan Alarsas da ba ta ƙafe ba, wadda ta yi wa mata nisa. Na sami bido, irin jarkar ruwan nan, na rasa abin ɗaure shi. Da asuba na tarar da tsohon zanenki a ninke a kan tulun. Na goya bidon da shi kamar jariri. In tafi da gudu yana wofi, in dawo da sassarfa yana cike, ruwan yana dukan bayana. Littafin bai san da irin wannan horon ba. Sojan nan na shinge ya daina neman takarda, sai dai ya kira 'yan uwansa: "Ku zo ga mai goyo!"

Ranar farko na ajiye bidon a tsakar gida, na koma zaure. Da azahar na ji ƙarar buta. Kin yi alwala a hankali, kowace gaɓa sau uku, ina jin ruwan yana sauka a ƙasa. Da kika gama kika ce wa Lalla: "Ruwan Alarsas da daɗi." Iyakar abin da kika ce ke nan, kuma a duk shekarun da na yi ina aikin jarida ba a taɓa yi mini yabon da ya kai shi ba.

Tseren bai yiwu ba. Ana saura kwanaki aka sanar a rediyo cewa an ɗage duk wani taro sai yadda hali ya yi. Na shigo gida, na faɗa wa Lalla. Daga madafa kika ce: "To, rijiyar ma an ɗage ta?" Na ci gaba da goyo har damina ta sauka.

Yanzu gwiwoyina suna ƙara, likita ya ce in bi a hankali. Ɗiyata, takwararki, ta sayo mini wata jakar ruwa mai bututu da ake ratayawa a baya. Lalla, wadda ita ma ta tsufa, ta gani ta ce ashe har yau ban yaye bidon ba.

Abu ɗaya ne na kasa koya. Na ga masu tsere a tele, akwatin talabijin: su cafki ruwa a guje, su kurɓa sau ɗaya, su kwarara a ka, su jefar da sauran. An ce haka ake yi don kada a ɓata lokaci. Na gwada a horo, hannuna ya ƙi. Saboda haka ina sanar da ke tun yanzu: a kowace mashaya zan tsaya cak, in yi bismilla, in shanye har ƙasa. Zan iso a makare, wataƙila ana naɗe tutoci. Amma zan ƙarasa, kamar yadda kika aiko a gaya mini.

Allah ya gafarta miki, Inna, ya sanyaya kabarinki. Ya karɓi sallolin nan na wata biyu da kika yi da ƙasa a fuska, ya ninka ladansu. Ya shayar da ke daga Alkausara da moɗar da ba a aunawa. Amin.

Ɗanki na fari,
Wancan, mai goyo,
Sidi