Na sauƙaƙa musu gwajin manhaja, sun daina zuwa teburina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, maganar za ta yi kama da ƙarama, amma ni ta tsaya mini a rai.

Ni dattijo ne a Anguwan Rogo, da ajami na fara rubutu, kwamfuta da girmana na koye ta. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a nan Jos, ni ke kula da shirin da ke gwada aikin yaran ofis kafin ya fita. In aiki ya yi daidai ya nuna kore, in da kuskure ya nuna ja, ya zubo dogon Turancin da sababbin shiga ba sa ganewa. Sai su ɗauko laftof su zo teburina. Tun da mai ɗakina ta rasu, 'ya'yana kuma suna nesa, wannan zuwan ne hirata. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar unguwar Kabong da ke kawo mini gwate a kula, tana tsokanata wai ni da jan nan bakinmu ɗaya.

Wata rana na iske ta tana share hawaye, ta ce za ta bar aikin, kanta ba ya ja. Sai na tuna littattafan mahaifina, Allah ya jiƙansa, yadda yake rubuta ma'ana da ajami a ƙarƙashin kowace kalma mai wuya. Na yi wa shirin haka. Ƙarƙashin kowane ja na sa bayani a sauƙaƙe, ga abin da ya lalace, ga layin da za ka duba, har da misali.

Alhamdulillahi abin ya yi. Yarinyar ba ta tafi ba, oga ya yaba. Amma kujerar da ke gefena jakata kawai nake ɗorawa a kai yanzu. Rannan ta wuce ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ai yanzu ba sai mun dame ka ba." Na ce madalla.

Saura sashe ɗaya, na gwajin shiga da lambar sirri, shi kaɗai ke kawo mini mutum jefi-jefi. Oga ya ce in kammala shi kafin sababbin ɗalibai masu koyon aiki su zo. Bayanin na riga na rubuta, tura shi cikin shirin ne na kasa. Na san ɓoye ilimi ba halin kirki ba ne, ina kuma jin kunyar Allah. Amma in na tura, daga gaisuwar safe sai keke ya mayar da ni ɗakin da ba mai ce mini sannu da zuwa.

In tura ko in haƙura? Ko akwai yadda dattijo zai ce wa yara su zo su zauna ko ba su da tambaya, ba tare da ya zubar da girmansa ba?