Rodin Gidanmu Yana Tagar Inna

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na firamare na tsaya. Wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ni ma na zagi kaina har na gaji.

Tun ina yarinya ban taɓa shiga ƙofa ban ɗaga kai na dubi samanta ba. A ƙauyenmu can wajen Kebbe, wata damina katangar zaure ta danne wa Babanmu maruƙa biyu a gaban idona, tun ranar nake jin kamar kowane gini jirana yake yi. Da aka kawo ni Tambuwal, maigidana, wanda malamin firamare ne, yakan yi min tsiya wai ina gaida azara kafin in gaida mutane. Shi ya sa ranar da ya ce zai yi mana ginin siminti a filinsa har sujjada na yi. Na ce to, ni da 'ya'yana mun rabu da kallon sama.

Malam ya ba wani dattijo aikin, zan kira shi Alhaji. Ɗan kwangila ne mai lasisi, sunansa na cikin rajistar sashen ayyuka, da wannan takardar yake samun gyaran azuzuwa da ɗakunan shan magani, da ita yake ciyar da gidansa. Shi ba ya ɗora bulo da hannunsa, magina yake raba wa aikin. To ni ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, magini ne, rani ya shigo ba shi da aiki. Inna ta yi ta aiko min da saƙo: "Ana gini gidanki, ɗan'uwanki na zaune?" Na ji kunyar yi wa Malam maganar, sai na bi ta wajen matar Alhaji a gidan suna. Bayan kwana biyu Alhaji ya tare ni a bakin fili ya ce, "Ɗiyata, ni ina da maginana, amma tunda ke kinka roƙa, shi zo." Har yau Malam yana zaton Alhaji ne ya nemo Yaya da kansa.

Ranar da za a zuba linta, wato kankaren da ke ɗauke da nauyin bango a saman ƙofa da taga, ciwon mahaifiyar Alhaji ya tashi ya tafi da ita asibiti Sakkwato. Ya bar wa Yaya kaya, ya ce kada a jira shi. Ni na kai musu fura da hantsi, da goyo a bayana. Ban san aikin gini ba, amma ina da ido. Sati ɗaya kafin ranar na ga Alhaji da kansa yana ɗaure ƙarafan lintar tagogi: rodi huɗu, biyu sama biyu ƙasa, an ɗaure su da waya kamar ƙafafun gado. Ranar kuwa da na leƙa cikin katakon ƙofar zaure, biyu na gani kwance. Na leƙa na ƙofar ɗakin yara, biyu. Sauran suna bayan bango an lulluɓe su da buhunan siminti.

Na ce, "Yaya, ba fuɗu aka sawa ba?"

Ya ajiye ludayin furar ya dube ni. "Iye! Injiniya ta iso. Ke da ko kaskon tuya ba ki iya girkawa daidai ba, yau ke za ki koya min gini?" Leburorinsa, duk 'yan garinmu, suka kwashe da dariya. Ya ce, "Ƙofa ce, ba gadar mota ba. Biyu sun ɗauke ta har jikokinki. Ɗauki ƙwaryarki, kuma in ji maganar wajen mijinki, ki ga in ni da ke muna da sauran zumunci."

Na ɗauki ƙwarya na tafi. Ina tafe ina jin ƙarar shebur suna zuba kankare a kai. Me ya hana ni juyawa? Me ya hana ni faɗa wa Malam da ya dawo makaranta? A gidanmu ƙanwa ba ta tona yayanta a gaban surukai, haka aka tashe mu. Na ce wa zuciyata shi ne magini, ni me na sani?

Da na je gida da sallah, sai na tarar an sa wa ɗakin Inna sabuwar taga da ƙarfen walda, an shafe shi da koren fenti. Shekara da shekaru tana kukan ɓarayin awaki suna zura hannu ta tagar nan. Ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙarfen tana cewa, "Taɓa ki ji. Ɗan'uwanki yay yi min, Allah shi yi mai albarka." Na taɓa. Na san zanen jikin rodin nan kamar yadda na san zanen tafina. Na ce amin.

Mun tare, muka yi wata bakwai lafiya. Sai wata safiya cikin damina, bayan an kwana biyu ana ruwa, uwar mijina, Iya, tana zaune a bakin zaure da 'yar goyona a cinyarta tana mata wasa. Yarinyar ta fara kuka, Iya ta ce, "Zo ki amshi kayanki, wagga uwar ci ce." Na karɓe ta, ban yi taku biyar ba na ji wata ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Na waiga. Lintar ta rabe biyu, ta sauko da bulo a kan ƙugun Iya. Anti, inda kan 'yata yake, nan babban guntun ya faɗo. Har yanzu in ana karya itace a madafa sai na saki abin da ke hannuna.

Iya ta rayu, amma ba ta ƙara miƙewa da ƙafafunta ba. Ni nake mata wanka, ni nake juya ta, tana shafa kaina tana cewa "ɗiyar albarka." Kun san yadda wannan kalmar take ƙona mutum?

Da aka share ɓaraguzai kowa ya ga rodi biyu. Malam ya rubuta ƙara ya kai sakatariya, ya ce sai an soke lasisin Alhaji, kada ya kashe 'ya'yan mutane a aji. Aka kira Yaya, ya ce abin da aka ba shi shi ya sa, leburorinsa suka ce haka ne. Malam kuwa ko kallon zargi bai yi masa ba, ai surukinsa ne, da kunya. Kwamitin da aka kafa kan ƙarar ya ce su ba su san magini ba, mai takarda suka sani, duk wanda ya ɗauko a wuyansa yake. Alhaji ya rantse ya bar kaya cikakku, aka ce ina shaidarsa? Ba shi da ita. An riga an dakatar da aikin da yake yi a wata makaranta wajen Dogon Daji, a kasuwa ana nuna shi da baki ana cewa ga mai cin rodi.

Shekaranjiya ya zo duba Iya. Malam ya ƙi fitowa. Dattijon ya rame, hularsa har ta yi masa yawa. Da zai tafi na raka shi da buta, ya tsaya yana kallon inda lintar ta karye, ya ce a hankali, "Ɗiyata, ban gaya ma kowa ke kinka kawo min shi ba, kuma ba ni faɗi. Aurenki ya fi takardata. Amma an ce ke kinka kai fura rannan. In akwai abin da idonki yag gani, ba don ni ba, ki tuna gidan ga ba ƙofa guda gare shi ba." Na sunkuyar da kai na ce ban lura ba. Ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya hau babur ɗinsa.

Ba ƙofa ɗaya ba ce. Ta ɗakin yara tana nan, an yi mata shafe sumul, ba wanda ya san abin da ke cikinta sai ni da Yaya. Na kwashe yaran zuwa ɗakina, na ce wa Malam sauro ya yi yawa can. Amma babban ɗana ɗan shekara huɗu ne, a bakin ƙofar nan yake son zama da motarsa ta gwangwani, jiya har dukansa na yi, yana kuka yana tambayata laifin me ya yi. Na ga wani siririn layi kamar gashi a kusurwar hagu. Ban sani ba ko tsagewa ce ko idona ne. Na kira Yaya na ce ya zo ya gyara a ɓoye, ya ce in ya taɓa ta ai ya amsa laifi ke nan, ya kashe waya.

Ranar Litinin kwamitin zai yanke hukunci. In na yi magana, Malam zai san na ga abin da zai gurgunta uwarsa na yi shiru wata bakwai, na kuma yi shiru bayan ya faru, ina wanke ta tana sa min albarka. Wane namiji zai ci gaba da zama da ni? Yaya zai iya kwana a hannun hukuma, Inna kuma za ta gane tagar da take alfahari da ita ƙugun wata tsohuwa ce. In na yi shiru, za a raba mutumin da ya yi min alheri da abincinsa da mutuncinsa, damina kuma ba ta ƙare ba, yau ma hadari ya haɗo ta gabas.

Ba na neman a ce min ba ni da laifi, na san ina da shi. Ku faɗa min ta inda zan fara. Malam zan fara durƙusa wa, ko Iya, ko in hau babur in je Kebbe in kama tagar nan a gaban Inna? Don girman Allah ku amsa min kafin Litinin. Me zan yi?