Yarana ba sa barci sai a hannun maƙwabciyata, kishi ya sa na yi mata ƙazafi

Daga admin: Wata 'yar uwa ce ta turo, ta ce a ɓoye sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci, banda zagi.

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na wannan guruf. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ina rubutawa ina gogewa, yau dai na ce gara in faɗa ko zan ji sauƙi. Sunayen duk na canza su.

A Trikania muke zaune, gidan haya, shekara huɗu kenan. Yarana biyu, Sadik ɗan shekara biyar da Nana mai shekara uku, kuma tun da na haife su ban taɓa iya sa su barci da wuri ba. Sha ɗaya za ki same su suna tsalle a kan katifa, in na yi tsawa su yi dariya, in na ɗauko bulala su yi kuka, ƙarshe sai dai in miƙa musu wayata su kalli katun har barci ya kwashe su. Da safe kuma tashinsu makaranta sai an yi yaƙi. Maigidana walda yake yi a Kakuri, a gajiye yake dawowa, iyakarsa ya ce in ƙyale su yara ne.

To bayan ƙaramar sallah mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki a Tudun Wada, kullum da la'asar sai na tsallaka gada na je na yi mata wanka na ba ta abinci, ga gosulo, ba na dawowa sai wajen tara. Ɗakin da ke kallon namu akwai wata dattijuwa, Maman Yohanna, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar malamar firamare, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma kowa ya kama gabansa. Ita da kanta ta ce in riƙa bar mata yaran, maigidana ma ya amince. Ranar farko da na dawo na tarar da su shiru a kwance, wallahi sai da na taɓa goshinsu, na zaci zazzaɓi ne. Ashe tun takwas suka yi barci. Da magariba take ba su abinci, ta yi musu wanka da ruwan ɗumi, ta shafa musu man kaɗanya, ta kashe fitila, ta ce Sadik ya yi addu'ar barcin da na koya masa, sannan ta yi musu wata waƙa da yarensu tana bubbuga bayansu. Haka aka yi har sati shida. Suka koma kiranta Kaka.

Da ƙanwata ta zo daga Zariya ta karɓi jinya, na ce to yanzu sai in ɗora daga inda Maman Yohanna ta tsaya. Duk abin da take yi na yi, har man kaɗanyar na sayo, amma ina. Ina bubbuga bayan Nana sai ta cire hannuna ta ce, "Ba haka Kaka take yi ba." Ta sauka ba takalmi ta je tana buga mata ƙofa. Matar ta shigo, ko minti goma ba a yi ba suka yi lamo, ni ina tsaye a bakin ƙofa kamar baƙuwa a ɗakina. Haka aka riƙa yi kullum. In Nana ta faɗi a tsakar gida sai ta wuce ni ta tafi wajenta, in Sadik ya ci jarrabawa ita zai fara kai wa takarda. Abin da ya ƙarasa ni, ranar da yayar maigidana ta kawo ziyara, a gabanta yake ta yabon matar, har ya ce da wasa ko zan je ta ba ni kwas. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma Allah kaɗai ya san abin da na ji. Ni na ɗauki cikinsu, Nana tiyata aka yi min kafin a ciro ta, sai wata ta zo a sati shida ta fi ni a wajensu.

Nan ne na yi abin da yake hana ni sukuni. Na ce wa maigidana waƙar da take musu ta coci ce, na ji Sadik yana rerawa, ina tsoron kar a juya mana yara. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce, don tun farko na tambaye ta ma'anarta, ta ce waƙar reno ce ta ƙauyensu, wai uwa ta tafi gona tana nan dawowa da gyaɗa, ta zaɓe ta ne saboda Nana tana yawan kukan ina Ummi. Ni dai so nake ya rage yabonta kawai, ban zaci abin zai kai haka ba. Ya hana yaran shiga ɗakinta kwata-kwata, ya daina gaishe ta, shi da a da ko ƙofarta ta lalace shi yake gyarawa, ya kai maganar wajen yayansa, yanzu har an sa dillali ya nemo mana gida a Tudun Wada. Da na ce ai abin bai kai na tashi ba, sai ya yi min faɗa, wai ni da na ji da kunnena kuma nake kare ta. Kun dai san yadda irin wannan magana take a garin nan, in ta fita tsakar gida ban san inda za ta tsaya ba.

Yaran kuwa sun koma gidan jiya, har sun fi da. Malamar su Sadik ta kira ni ta ce yana gyangyaɗi a aji. Nana sai ta hau kujera ta leƙa taga tana kiran Kaka, matar tana ji, sai ta saki labulenta.

Shekaranjiya muka haɗu a bakin famfo. Na sunkuyar da kai, ita ta fara gaishe ni, ta tambayi jikin mahaifiyata, sannan ta ce in ta yi wa Malam wani laifi in ba shi haƙuri, ba ta sani ba ne. Har ta ɗauki bokitinta sai ta juyo ta ce, "Maman Sadik, ina jiyo kukansu. Ba hannuna ba ne ya fi naki, sauri kike yi. Suna jin hankalinki yana kan wanke-wanke. Ki kwanta a tsakiyarsu kamar ba ki da wani aiki a duniya." Na gwada a ranar, na bar kwanuka, na kashe waya, na kwanta. Takwas da rabi Nana ta yi barci da hannunta a wuyana. Na yi kuka sosai, amma ba zan ɓoye muku ba, a cikin kukan har da haushin cewa wannan ma daga wajenta na samo.

Yanzu ya zan yi? In na faɗa wa maigidana gaskiya, mutum ne da ba ya yafe ƙarya, ga shi ya riga ya faɗa wa danginsa, da wane ido zan kalle su? In na yi shiru muka tashi, na bar matar da ba ta yi min komai ba sai alheri da tabon abin da ba ta aikata ba. Wa zan fara samu, shi ko ita? Kuma in komai ya gyaru yaran suka koma wajenta, ina tsoron zuciyata, don har yanzu kishin bai fita ba. Iyaye mata da kuka taɓa jin irin wannan, da me kuka magance shi? Asabar ɗin nan ya ce mu je mu ga gidan da dillali ya samo, ina so in san abin da zan faɗa masa kafin ranar.