Muryar Sarauniyar Wata

Tashkent, 9 ga Disamba

Yaya Ravshan,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Rasha?

Akwai magana. Wani gidan silima zai nuna "Sabuwar Shekara a Duniyar Wata". E, shi dai, wanda talabijin ta nuna sau ɗaya muna yara, ta ɓoye don kunya. Sun samo asalin kaset, sauti garau, sun kuma gayyaci Baba a matsayin mijin Sarauniyar Wata, tunda Mama ce ta fito a Sarauniyar. Tun ranar yake goge kwat ɗinsa.

Ya ce min, "Gulchehra, muryar uwarki ta fara ɓace min. Fuska dai akwai hoto. Murya fa?" Ka san ba inda aka naɗi muryar marigayiya sai a waƙar nan, ga kunnensa na hagu ya riga ya mutu. Zan kai shi.

Ƙanwarka,
Gulchehra

Gulchehra,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ke kuwa kanki ɗaya? Dariya suke zuwa yi! Mutanen sama da tukunyar shinkafa a ka, jirgin kwali ana hango igiyarsa, ga waƙar Mama da ta ƙi ƙarewa. Kin manta "ɗan Wata" da ake kirana a makaranta? Duk zagin da ake wa fim ɗin nan, wallahi ya ci a yi masa. Ki roƙe su kwafi, ya ji a gida.

Ki gaida Baba.
Ravshan

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na roƙa. Sun ce kaset ɗin na gidan talabijin ne, aro ake ba su sau ɗaya a shekara.

Mun je. Zaure cike da samari, kowa da tukunya a ka. Baba ya dafa ni ya ce, "Kin ga yadda ake sonta?" Suka yafa masa alkyabba ta girmamawa, suka zaunar da shi a gaba.

Gaskiyarka, shirme ne. Ni kaina na dara da gemun sarkin taurari ya faɗo. Sai ga Mama cikin rigar azurfa, ba ta kai shekaruna ba. Baba ya juya kunnensa mai ji, ya riƙe hannuna gam.

Ashe al'adarsu ce, da ta buɗe baki sai su cire tukwane su yi ta bugu da cokula har waƙar ta ƙare. Baba ya miƙe yana ɗaga hannu: "'Ya'yana, don Allah, kaɗan kawai!" Suka zaci wasa yake. Wani ya ce, "Kaka ya ce a ƙara!" Suka ƙara. Bakinta na motsi, ko kalma ɗaya ba mu ji ba. Ban taɓa tsanar mutane kamar ranar ba, alhali ba su san abin da suke yi ba.

A mota ya tambaye ni, "Ke kin ji ta?" Na ce e, Baba, da daɗi.

Ka huta lafiya.
Gulchehra

Ƙanwata,

Salam. Na kasa cin abinci. Na zauna in tuna waƙar in rera masa a waya, na tarar ni ma ta ɓace min. Yaya yake?

Ravshan

Yaya,

Salam. Yana nan lafiya. Ya rataye alkyabbar, ya ce a kama masa kujerar baɗi, kusa da lasifika.

Jiya muka ga likita. Ya ce kunnen dama ba zai kai bazara ba.

Allah ya sada mu da alheri.
Gulchehra