Ƙwayar Baba Cikin Hura

Litinin, 7 ga Oktoba

Ƙafar Baba ta ƙara kumburi, gyambon har wari yake. Ya ƙi haɗiyar ƙwayar da majo Salamatu, babbar ma'aikaciyar jinya ta asibitinmu, ta rubuto, wai tana maƙale masa a wuya. Na daka ta, na dama masa cikin hura da nono. Ya shanye tas bai sani ba. Har ina jin kaina wata mai dabara.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Zazzaɓi. Ko masallaci bai je ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yaya Habibu ya ajiye mota a Ɗan Issa ya taho. Ganin ƙafar ke da wuya ya nufi asibiti, ina biye. A gaban masu jiran layi ya ce wa majo maganin jabu take ba mutane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta aike shi ya ɗauko Baba, ni kuma ta tambaye ni yadda nake ba shi. Na faɗa.

Ta ce, "Mardiyya, magani sai ya ratsa bangon hanji sannan ya shiga jini. Wannan irin, in ya gamu da nono sai su dunƙule, ya kasa ratsawa, ya fita da bayan gida."

Ashe duk kwanakin nan ƙafar ba ta ga komai ba. Da Yaya ya dawo ba ta tona ni ba. Ni ma ban buɗe baki ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

An wuce da shi Maradi. Wai wataƙila a cire masa ɗan yatsan ƙafar. Yaya sai yabona yake wurin dangi, ni ce mai ɗawainiya. Tuwo ya ƙi wuce mini.

Laraba, 16 ga Oktoba

An cire. Ƙaramin.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ya dawo gida. Na miƙa masa ƙwayar a tafin hannu da kofin ruwa, na ce hura sai an jima. Ya yi mita, ya kira ni azzaluma, ya haɗiye. Abin da na kasa jurewa ke nan tun farko, mitar nan kawai.

Da la'asar na buga wa Yaya, na ce in ya shigo gari ya biyo, tare za mu je wurin majo. Ya ce mi ya faru kuma? Na ce ya dai zo, a hanya zan gaya masa zancen hurar.

Na ci tuwo yau. Har da ƙari.