Itacen da Helmi Ta Jera

Marjut,

Gaisuwa mai yawa, ke da yara. Aune ce, maƙwabciyar babanki. Ba zan ɓoye miki ba, jiya na tarar da shi kwance a gaban murhun ɗumama ɗaki yana amai. Ya rufe marufin bututun hayaƙi tun garwashi na da shuɗin harshe, gubar hayaƙin ta cika ɗakin. Karo na biyu ke nan bana. Na wangale tagogi, yana farfaɗowa sai cewa ya yi, "Aune, kin zo ki ɓarnatar mini da ɗumi?" A karo na uku ba lallai in iso da wuri ba. Ki zo ki ɗauke shi. Ki huta lafiya.

Aune

Baba,

Ina gaishe ka, ya jiki? Tun da wasiƙar Aune ta iso hankalina bai kwanta ba. Kai da ka riƙa bugun hannuna in na taɓa marufin nan kafin garwashi ya mutu! Rumfa cike da itace, me kake tattali? Akwai ɗaki a gidana a nan birnin Tampere, ɗuminsa ba ruwansa da gatari. Don Allah ka yarda. Mama na rasa a bara, ba zan iya wata jana'izar ba.

'Yarka, Marjut

'Yata,

Na amsa gaisuwa. Aune bakinta ya fi ƙofar rumfata faɗi. Ban rikice ba, na san shuɗin wuta tun ba a haife ta ba.

Rumfa cike take, gaskiya ne, amma da itacen da na jera da hannuna. Layi ɗaya ya rage na bangon kudu, wanda mahaifiyarki Helmi ta jera a bazararta ta ƙarshe, ɓawo na kallon sama yadda take so, muna ta faɗa a kai. Shi kaɗai nake iya ƙonawa, nawa ba ya ɗumama ni. Guda shida nake sawa da safe, in rufe da wuri don kada ɗuminta ya bi bututu ya tafi. Na san ganganci ne. In ya ƙare, babu sauran abin da hannunta ya ajiye mini.

Ki bar ni tukuna. Ki gaida yara.

Babanki, Veikko

Baba,

Barka da sanyi. Na yi kuka har na gaji. Amma ka sani, da Mama ta ga marufin nan a rufe, da tsintsiya za ta bi ka. Don ka ji ɗumi ta jera shi, ba don ya kashe ka ba. Ina jiran amsa.

Marjut

'Yata,

Gaisuwa. Yau na ƙone na ƙarshe, marufi a buɗe. Har Aune ta shigo ta sha kofi, ta ce gidan kamar da.

Ki zo ran Asabar. Ki taho da bokitin ƙarfe mai murfi, babba. Ban zubar da tokar itacenta ba, tare za mu tafi.

Babanki